Ma'abota Ƙaramar Bindiga, Kowa da Uzurinsa

Magabata sun ce ba a sanin halin mutum sai an yi tafiya tare da shi, ko an yi ciniki da shi, ko kuwa an zauna maƙwabtaka. To, da za a ba ni izinin ƙara na huɗu a kan waɗannan ukun, ba don ina ganin na isa in yi wa magabata gyara ba, da na ce a kwantar da mutum rub da ciki a kan tabarma, a ba shi ƙaramar bindiga da harsashi goma, a kafa masa takarda mai ɗigon baƙi a nisan yadi 25, sa'an nan a koma gefe a zuba masa ido, domin kafin harsashi na goma ya fita, duk abin da ya yi shekara arba'in yana ɓoyewa na gaggawa, ko waswasi, ko girman kai, ko son ɗora wa wani laifi, zai bayyana a sarari, har ya bar shaida a takarda wadda ba ta karɓar tawili.

Bindigar da nake nufi ita ce wadda ma'abotanta ke kira .22, domin faɗin dalmarta kashi 22 ne cikin ɗari na inci, wato kimanin milimita 5.6, nauyin dalmar kuwa wajen giram 2.6. Abin da ya raba harsashinta da na soja shi ne, sinadarin da ke kunna albarushi an zuba shi ne zagaye cikin lanƙwasar gefen gindin kwanso, maimakon a cibiya, ta yadda in aka ja kunama ƙusa za ta daki gefen nan ta matse shi, wuta ta tashi. Wani Bafaranshe mai suna Louis-Nicolas Flobert ne ya fara wannan dabara a 1845, sa'an nan kamfanin Stevens na Amurka ya fitar da samfurin da ake kira Long Rifle a 1887, wanda har yau shi ake harbawa tun daga bayan gidan manomi har zuwa gasar Olamfik. Ba ta da ƙarar da za ta firgita mutum, ba ta naushin kafaɗa, harsashinta kuma da arha. Saboda haka duk ƙofofin uzuri da babbar bindiga ke buɗe wa maharbi, wannan ta rufe su, sai dai ɗan Adam Allah Ya yi masa baiwar da in an rufe ƙofa zai nemo taga. Kada dai ƙanƙantarta ta ruɗi kowa, a jikin kwalin harsashin ma akan rubuta gargaɗi cewa yana iya yin ɓarna a nisan da ya wuce mil guda.

Ɗaya daga cikin wuraren da aka fi tara ma'abota wannan bindiga wuri guda shi ne Ingila, kuma akwai sababi. A Yaƙin Boer na Afirka ta Kudu, tsakanin 1899 da 1902, Turawan Ingila sun sha mamakin yadda manoman Boer ke kayar musu da sojoji daga nesa, har Lord Roberts, wanda ya jagoranci rundunarsu a can, ya dawo gida ya tsaya tsayin daka sai an koya wa talaka harbi. A 1901 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar harbi ta ma'aikata, shi ne shugabanta, wadda bayan sauye-sauyen suna ta zama ƙungiyar ƙananan bindigogi ta ƙasa a 1947, daga baya kuma ta mai da mazauninta Bisley cikin lardin Surrey. Tun daga lokacin ƙauyuka da makarantu da masana'antu suka yi ta keɓe wani dogon ɗaki siriri, inda da daren hunturu akawu da likita da direban jirgin ƙasa za su kwanta kafaɗa da kafaɗa, kowa da takardarsa mai ɗigo goma, kowane ɗigo harbi ɗaya, kowane harbi iyakarsa maki goma, wanda ya cika 100 ya kai kamala. In an gama, maharbi ya sa hannu, shaida ya sa hannu, a jefa takardar gidan waya zuwa ga wani alƙali a wani gari, wanda bai taɓa ganin fuskar maharbin ba, balle ya saurari bayaninsa.

Kafin in shiga jero mutanen, wajibi ne in warware mas'alar da dukansu ke tuntuɓe a kanta. Bindigar da ba a ɗora mata madubin hangen nesa ba, saitinta ƙarfe biyu ne: ɗaya a baya kusa da ido, mai tsaga ko mai huda, ɗaya can a kan hanci, ɗan tsinke ko ɗan zobe. Aikin maharbi ya jera abu uku a layi guda, na baya, da na gaba, da baƙin da ke takarda. Illar ita ce, idon ɗan Adam ba ya iya ganin abu uku masu nisa daban-daban tangaran a lokaci guda. In ya tsaya a kan ɗaya, biyun sai su yi dishi-dishi. Malaman fannin sun yi ijma'i, abin da ba kasafai suke yi ba, cewa saitin gaba ne ya cancanci ido, takarda kuwa a bar ta cikin hazo. Hujjarsu lissafi ce: in tsakanin ƙarafan biyu santimita 50 ne, takarda kuma tana nisan mita 50, to duk kuskuren da aka yi wajen jera su sai an ninka shi sau 100 kafin dalma ta isa, gocewar rabin milimita a nan ta zama santimita 5 a can, alhali da'irar maki goma a gasar duniya faɗinta milimita 10.4 ne kacal. Amma in ƙarafan sun jeru daidai, aka ɗan yi rawa a kan baƙin, kuskuren ba ya wuce girman rawar.

Na farko, wanda jama'arsa ta fi ta kowa yawa, shi ne Mai Kallon Takarda. An karanta masa wannan hukunci, ya ji, ya gyaɗa kai, in ka tashe shi daga barci zai maimaita maka shi ba gargada, har yakan koyar da shi ga sababbin shiga, amma da zarar ya kwanta ya ɗora kunci a kan ƙotar bindiga, sai zuciya ta raɗa masa, "Kai, abin da za ka harba yana can, me ya haɗa ka da ɗan ƙarfen da ke gabanka?" Nan take ido ya sulale ya tafi yadi 25, ɗan tsinken ya narke ya zama inuwa, dalma ta nufi inda ta ga dama. In ka tambaye shi ina idonsa yake lokacin da bindiga ta tashi, zai rantse maka yana kan saitin gaba, kuma bai yi nufin ƙarya ba, domin sha'awa ce ta saci idon ba da saninsa ba. Ni dai ban cika ganin laifinsa ba, tunda umurnin da ake ba shi ya saɓa wa ɗabi'a: duk wanda ya taɓa jifan mangwaro ya san mangwaron ake kallo, ba a kallon dutsen da ke hannu. Maganinsa sananne ne a wurin masu koyarwa. Sai a juya masa takardar ta baya, fara fat ba ɗigo, a ce ya harbi tsakiya. Da yake idon ya rasa abin kwaɗayi a can, sai ya haƙura ya zauna kan saitin gaba, ramukan su taru wuri guda fiye da yadda suka taɓa taruwa. Ya yi hamdala, ya ce yau kam ya gane. A juyo masa ɗigon, ya koma gidan jiya.

Kusa da shi akwai Mai Sukundireba, wanda bai yarda laifi na iya zama a jikin mutum ba muddin akwai noti a jikin bindiga. Ƙa'idar gyaran saiti gajeriya ce, yaro ma ya haddace ta: na baya ana matsar da shi wajen da ake son dalma ta koma, na gaba kuwa akasin haka, sharaɗinta kuma shi ne ba a taɓa kome sai an harba biyar, ko ma goma, an dubi tsakiyar inda ramukan suka taru, domin babu bindigar da ke zura kowace dalma a rami ɗaya, kowacce tana da ɗan warwatsinta na asali. Wannan bawan Allah ya riƙe ƙa'idar, ya yar da sharaɗin. Ya harba ɗaya, ya leƙa madubin da ke kafe a gefensa, ya ga ta faɗi hagu kaɗan, nan da nan hannu ya kai ga ɗan maɓallin saiti, ƙas, ƙas, ƙas, uku zuwa dama. Ta biyu, wadda da ma can rabonta ta ɗan yi dama, sai ta yi dama ƙwarai. Ya yi tsaki, shida zuwa hagu. Ta uku ta yi sama, domin garin murɗe-murɗe gwiwar hannunsa ta gusa daga inda take, amma shi bai san da wannan ba, sai ya koma kan maɓallin sama da ƙasa. Kafin ta bakwai lissafi ya kuɓuce masa, bai san ko goma sha ɗaya ya murɗa ko tara ba, bai kuma tuna daga ina ya faro ba. In kuwa aka yi rashin sa'a saitin ƙirar Jamus ne, irin wanda harafin da ke jikin maɓallinsa ke nufin wajen da harbi ya faɗa maimakon wajen da ake son ya koma, to sai dai mu ce Allah Ya kyauta, domin kowace murɗa nesanta shi take yi, shi kuwa ƙara mata yake da ikhlasi. Babbar musibar kuma ba a kansa take sauka ba. Bindigar ta kulob ce, gobe wani yaro zai ɗauke ta da kyakkyawan zato, ya kwanta ya cika dukan sharuɗɗa, ya duba ya ga takarda fes ko ƙwarzane babu, ya tafi gida yana tuhumar idonsa.

Sarkin Uzuri kuwa malami ne, kada a raina shi, domin duk abin da yake faɗa yana da asali a ilmi. Gaskiya ne iska na tura wannan 'yar dalma, har wadda ke gudun mil 10 a sa'a, in ta buso daga gefe, takan gusar da ita kimanin inci guda a nisan yadi 50. Gaskiya ne in rana ta haska gefe ɗaya na saitin gaba, ido yakan ɗauki wurin ƙyallin tamkar shi ne tsakiya, harbi ya kauce daga ɓangaren da hasken yake, shi ya sa tsofaffin maharba ke turara ƙarfen da hayaƙin kyandir har ya yi baƙi ƙirin. Gaskiya ne kuma kowace bindiga tana da harsashin da ta fi jituwa da shi, har manyan 'yan gasa kan kai bindigarsu wurin masu yin harsashi a gwada musu kashi-kashi, su zaɓi wanda ya fi taruwa. Abin da ya gagari Sarkin Uzuri shi ne sanin muhalli. Zai kawo maka hujjar iska a cikin ɗakin da ba shi da taga, da hujjar rana da ƙarfe takwas na daren hunturu, da hujjar harsashi alhali daga kwali ɗaya suka ɗiba shi da wanda ya ci 99 a gefensa. In waɗannan suka ƙare, akwai tarin da wani ya yi a layi na huɗu, akwai shayin da aka cika wa ganye, akwai tabarmar da aka sauya masa ba shawara. Wata hikima tasa ita ce gabatar da uzuri tun kafin a fara, yana kwance jaka yana cewa, "Jama'a, yau fa kafaɗar nan ba ta kwana lafiya ba," domin in abin ya ɓaci ya riga ya shigar da ƙara, in kuwa ya yi kyau, to ga jarumin da ya ci duk da ciwo.

A nan sai in ɗan dakata in yi wa saiti mai huda adalci, domin shi ne abu guda da kuɗi ke saya wanda amfaninsa ba ya musantuwa. Maimakon tsaga, akan sa ɗan faifai mai ƙaramar huda dab da ido, irin wanda William Lyman ya yi wa rajista a Amurka a 1879. Mutum ya leƙa ta ciki ya manta da ita, domin ido da kansa yake neman tsakiyar da'irar haske ba tare da an umurce shi ba, ƙanƙantar hudar kuma tana sa na kusa da na nesa su fito tare fiye da da. Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya daɗe da bin diddigin yadda haske ke ratsa ƙaramar kafa zuwa ɗaki mai duhu a littafinsa Kitabul Manazir, ko da yake ba na zaton ya taɓa kawowa a ransa cewa wata rana akawun Ingila zai kwanta a ƙasa yana leƙen irin wannan kafa. To, Mai Abin Hannu ya ji labarin huda, ya saya, ya ga amfani, daga nan sai ya yi ƙiyasi ɓatacce, cewa tunda abu ɗaya ya ƙara masa maki biyar, lalle abu goma za su ƙara hamsin. Ya sayi Anschütz daga birnin Ulm na Jamus, ya sayi harsashin Eley Tenex wanda ake yi a Ingila tun 1951, ya sayi huda mai buɗewa da tsukewa haɗe da gilasai launi-launi, ya sayi bututun da ake ƙara wa hancin bindiga don a nesanta saitin gaba da na baya, ga riga mai tauri da maɗaurai, ga safar hannu, ga hula mai labule a gefe. Shirinsa kawai kafin ya kwanta yakan ci rabin sa'a, mutane na tsallake jakunkunansa. Sa'an nan ya ci 88. A gefensa wani ɗan makaranta, da tsohuwar BSA Martini ta kulob, ƙirar Birmingham, wadda ta girmi ubansa, da rigar aro da ta yi masa yawa, ya ci 96, ya tashi ya rusuna ya ce, "Yallaɓai, bindigar nan taka ta yi kyau ƙwarai." Babu zagin da ya kai wannan yabo zafi. Mai Abin Hannu ya koma gida ya buɗe kundin 'yan kasuwa, har ya gano abin da ya rage masa, wato ɗan ma'aunin ruwa da ake liƙawa jikin saitin gaba. Wanda kuwa, in za a faɗi gaskiya, yana da aiki, domin karkata bindiga yau dama gobe hagu na jefa harbi gefe, sai dai shi ciwonsa ba a nan yake ba.

Ma'abota Mujadala su biyu ne kullum, ba a samun ɗaya shi kaɗai. Saɓaninsu a kan saitin gaba na tsinke ne: shin kan tsinken zai tsaya ƙarƙashin baƙin ne, baƙin ya zauna a bisansa, abin da suke kira riƙon ƙarfe shida, ko kuwa zai kutsa har tsakiyar baƙin? Mazhabar farko ta ce baƙi a kan baƙi ba ya ganuwa, gara a tsaya a gindin ɗigo inda akwai fari. Ta biyu ta ce wannan riƙo ba ya aiki sai a nisa ɗaya da ɗigo mai girma ɗaya, ranar da ka fita bayan zomo kuwa, zomo ba shi da ƙarfe shida. Kowannensu yana da gaskiya a babinsa, yawancin 'yan gasa ma sun daɗe da komawa zobe a gaba, su sa ɗigon a tsakiyarsa su huta. Amma su biyun sun shekara ashirin suna wannan zance a kan benci ɗaya, ranar da ɗayansu ya kwanta rashin lafiya, ɗayan ko bindiga ba ya fitarwa daga jaka.

Akwai waɗansu da ba su bukatar dogon sharhi. Mai Fizga yana jiran saiti ya gilma ta tsakiyar baƙi ya wafci kunama, alhali wafcewar ce ke kawar da hancin bindiga. Abin da ake so shi ne a yarda da 'yar rawar da saiti ke yi, tunda babu mai rai da zai tsayar da ita cak, a dinga ƙara matsi a hankali har bindiga ta tashi. Mai Ɗoki kuwa jikinsa ya fara shirin leƙen sakamako tun dalma ba ta bar bututu ba, ita kuma wannan dalma gudunta wajen mita 330 ne a sakan, ƙasa da gudun sauti, duk motsin da aka yi tana ciki da shi za ta tafi. Kishiyarsu shi ne Mai Dogon Nazari, wanda aka ce masa ya ɗan saki numfashi ya tsaya ya harba cikin 'yan sakanni, in abin bai daidaita ba ya sauke ya sake sabon lale, amma shi yana ganin saukewa abin kunya ne. Sai ya riƙe numfashi yana neman yaƙini, sakan goma ta wuce ido ya fara yaudararsa, ashirin ta wuce fuska ta yi jawur, jijiyar wuya ta miƙe, daga ƙarshe ya harba, ba don saiti ya yi daidai ba, sai don yana bukatar iska. Da ya rufe ido tun farko, ya numfasa sau biyu, ya buɗe ya ga inda bindiga ta nufa da kanta, ya gyara kwanciyarsa maimakon ya tanƙwaso ta da ƙarfin hannu, da rabin wahalar nan ba ta same shi ba.

Mai Waswasin Tsabta shi ma yana da nasa babi. Dalmar wannan harsashi akan shafe ta da wani kaki, bututu kuma ba ya komawa hayyacinsa bayan wanki sai an harba 'yan harsasai kakin ya sake shimfiɗuwa. Shi kuwa bayan kowane goma sai ya zaro sandar goge-goge, saboda haka bindigarsa ba ta taɓa samun zama ba tun ranar da ya saye ta. Ya fi son zura sandar ta baki, inda in gefen bakin ya ci, dalma za ta fita a karkace har abada. In ya koma gida kuma ya yi ta jan kunama ba harsashi wai yana muraja'a, bai sa ko tsohon kwanso ya tare ƙusa ba, ita kuwa ƙusar irin wannan bindiga gefe take duka, a tsofaffin ƙira sai ta yi ta saran bakin ɗakin harsashi har ta yi masa tabo. Ba a taɓa ganin bindiga mai ƙyalli irin tasa ba, ba a kuma taɓa ganin wadda aka cuta da soyayya irinta ba.

Wanda nake tausayi a cikinsu shi ne Dattijo, domin shi da gaske ya iya, sunansa na nan a rubuce jikin allon bango da kofunan da ya ciwo wa kulob. Amma bayan shekara arba'in ƙwayar ido takan fara tauri, abin kusa ya daina fitowa. Tsagar baya ce ke fara ɓacewa, sa'an nan tsinken gaba ya tsiro da gashi. Magani na nan, ko saiti mai huda, ko tabarau da likitan ido zai auna musamman daidai nisan saitin gaba. Dattijo ya ƙi. Ya ce fitilun ɗakin ne aka rage wa haske don tsimin kuɗi, ya ce masu buga takarda sun daina sa tawada ta ƙwarai, yana faɗin haka yana riƙe da takardar sakamako iyakar tsawon hannunsa yana ƙanƙance ido. Shekara biyu ana lallashi, sai wata rana a gan shi ya juya baya ya zaro wani ɗan akwati daga aljihu, ya saka abin a fuska da sauri ya kwanta, ya ci 98. In ka taya shi murna ya ce harsashi ya sauya.

Mai Fatawa ba ya kwanciya. Yana tsaye a baya, hannu a goye, babu wani mai rai da ya taɓa ganin ya harba, bindigarsa kullum tana wurin mai gyara, labarin bajintarsa kuwa duk ya faru a wani kulob da aka rushe, shaidun sun riga mu gidan gaskiya. Ba a tambayarsa, ba ya kuma jiran a tambaya, ya fi ƙwazo in sabuwar shiga mace ce: "'Yata, ɗaga gwiwar hannun nan. 'Yata, kin cika jinkiri." Ita kuwa ta ce, "Na gode, Yallaɓai," ta ci gaba da abin da take yi, ta tashi da 97 a wata na uku, domin ta zo ba ta ɗauka an haife ta da iya harbi ba, aka ce ta dubi saitin gaba, ta duba. Irin wannan ba baƙon abu ba ne a fannin. A Olamfik na Montreal a 1976, lokacin maza da mata gasa ɗaya suke shiga, Margaret Murdock ta Amurka ta yi kunnen doki da ɗan ƙasarsu Lanny Bassham, kowa maki 1162 a harbin mita 50 na kwance da tsaye da durƙuso, aka raba gardama da ƙa'ida zinariya ta faɗa wa Bassham, shi kuwa da aka zo taken ƙasa ya jawo ta ta hau matakin sama tare da shi. In aka ba Mai Fatawa wannan labari, sai ya gyaɗa kai ya ce ai da ta ɗaga gwiwar hannu da ba a kai ga raba gardama ba.

Sai Mai Sadaka, wanda rana ɗaya tak a rayuwarsa kome ya haɗu masa. Kwanciya ta yi daidai, numfashi ya natsu, ido ya zauna kan saitin gaba ya ƙi motsi, takarda na can cikin hazo yadda malamai suka yi umurni, kunama ta sauka bai san lokacin ba, ya ji a jikinsa wannan goma ce ko ba a duba ba. Ya leƙa madubi da murmushi, ya ga ɗigonsa lafiya lau ba abin da ya taɓa shi. Ya sake dubawa, sai ya ji maƙwabcinsa na kiran alƙali yana cewa ga rami ya ƙaru a takardarsa, a tsakiya cif. Tsabar biyayya ga hukuncin barin takarda cikin hazo ta hana shi duba lambar da ke samanta. Dokar gasa kuwa ba ta da tausayi a nan: shi sifiri ne, maƙwabci kuma, in aka kasa tantance wane rami ne nasa, mafi tsada ake rubuta masa. Abin da ke sanyaya wa Mai Sadaka zuciya shi ne ya san ba shi kaɗai ba ne. A Olamfik na Atina a 2004, Matthew Emmons na Amurka yana gaba da kowa, saura harbi ɗaya ya ɗauki zinariya, ya saita ya harbi takardar layi na uku alhali shi a na biyu yake, ya faɗo daga na ɗaya zuwa na takwas, Jia Zhanbo na ƙasar Sin ya tafi da zinariyar. Bayan an tashi, wata maharbiya 'yar ƙasar Cek, Kateřina Kůrková, ta zo ta yi masa jaje, a 2007 aka ɗaura musu aure. Mutuminmu ya haddace wannan ƙissa da isnadinta, saboda haka yana naɗe tabarma yana waiwaye ko akwai mai zuwa jaje. Akwai kuwa: maƙwabcin ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa mai furfura, ya taho riƙe da kofin shayi biyu, ya miƙa masa ɗaya ya ce, "Ɗan'uwa, mako mai zuwa ma kusa da ni za ka kwanta ko?"